Yadda ake kwashe shafin WordPress zuwa sabon masauki ba tare da an zubar da kaya a hanya ba

Yawancin masu shafi ba sa tunanin tashi sai ranar da saƙon sabunta haya ya shigo. Shekarar farko an ba ka masauki, wato wurin da ake ajiye shafinka a intanet, da araha, ta biyu sai ka ga kuɗin sun yi tsalle, ga shi kuma da dala za a biya. Wani kuma ba kuɗi ne suka kore shi ba, nauyin shafin ne: mai karatu ya latsa, ya jira, ya gaji, ya tafi. Ko ma mene ne dalilin, aikin ɗaya ne, kuma ba shi da wuya kamar yadda ake tsoro. Abin da ke jefa mutane cikin wahala shi ne saɓa tsari, a yi na ƙarshe da farko. Ana kwafar shafi ne a kai sabon wuri, a gwada shi a ɓoye, sannan a juya adireshi. Tsohon masauki yana nan da ransa har sai an tabbatar. Wanda ya rufe shi tun kafin nan, ya saki reshe ya kama ganye.

Abu uku ne, ba ɗaya ba

Kafin ka taɓa komai, ka raba abubuwa uku a ranka, domin kamfanoni kan sayar da su a dunƙule har mutum ya ɗauka abu guda ne. Akwai sunan shafin, wato domen, irin su shafinka.com, ko mai ƙarewa da .ng wanda hukumar NiRA ke kula da shi a Najeriya, ko .ne na Nijar. Akwai masauki, wato saba, kwamfutar kamfani da fayilolinka ke zaune a kai. Sannan akwai imel ɗin da ke ɗauke da sunan shafin. Kana iya canza masauki ka bar domen inda yake, kuma shawarata ke nan: kada ka haɗa tashi biyu a mako ɗaya. Mayar da domen zuwa wani kamfani aiki ne na daban mai buƙatar lambar izini, kuma irin su .com ba a yarda a motsa su ba sai sun cika kwana 60 da rajista ko da tashin baya.

Shi kansa shafin da aka gina da manhajar WordPress kashi biyu ne. Fayiloli, waɗanda mafi muhimmancinsu suna cikin foldar wp-content: hotunan da ka ɗora, jigon adon shafin, da fulogin-fulogin, wato ƙananan manhajojin da ke ƙara wa shafin ayyuka. Sai rumbun bayanai na MySQL ko MariaDB, inda duk rubutunka yake, da ra'ayoyin masu karatu, da sunayen masu shiga, da saituna. Wanda ya kwashe fayiloli kaɗai ya tafi, ya ɗauki akwatuna ne ya bar tufafin.

Kwana biyu kafin tashi

Shiga ɗakin gudanarwa na shafinka, ka je Tools, ka zaɓi Site Health, ka buɗe Info. Wannan sashe yana nan tun WordPress 5.2 na 2019. Rubuta abu uku a takarda: lambar PHP (harshen da aka rubuta WordPress da shi) da sabar ke amfani da ita, nau'in rumbun bayanai da lambarsa, da girman shafin gaba ɗaya. Da wannan takarda za ka tunkari sabon kamfani. Ka tambaye su ko za ka iya zaɓar PHP irin wadda kake kai, ko suna ba da SSH (hanyar ba saba umarni a rubuce daga kwamfutarka), ko takardar tsaro ta SSL kyauta ce, da kuma nawa ne kuɗin shekara ta biyu. Tambayar ƙarshen nan ita ce wadda da ka yi ta a baya da ba ka zo nan ba. Ka kuma tambaya ko suna kwaso wa sabon mai haya shafinsa kyauta, domin da yawa suna yi, musamman idan duka ɓangarorin suna amfani da cPanel, wato allon da ake sarrafa masauki da shi. Ko da su za su yi, sai ka san abin da za ka duba bayan sun ce sun gama.

Daga nan sai DNS, wato kundin da ke gaya wa duniya cewa wannan suna yana zaune a wannan lamba ta IP, wato adireshin saba. Nemo inda ake sarrafa naka: ko a kamfanin da ka sayi domen, ko a tsohon masauki, ko a Cloudflare. Buɗe shi ka ɗauki hoton kowane layi, har waɗanda ba ka gane ba. Layukan A (masu nuna lambar IP ta saba), da CNAME, da MX (masu nuna inda imel ke sauka), da TXT, duka.

A gefen kowane layi akwai wata lamba da ake kira TTL. Daƙiƙoƙi ne, kuma tana nufin tsawon lokacin da sauran na'urori za su riƙe tsohuwar amsa kafin su sake tambaya. A cPanel sau da yawa za ka tarar da 14400, awa huɗu ke nan. Wasu wuraren 86400, kwana guda cur. Mayar da na layin A zuwa 300, minti biyar. Dalilin yin haka tun da wuri shi ne sabuwar lambar ba ta fara aiki ko'ina sai tsohuwar ta ƙare wa'adinta. Idan ka rage ta a ranar tashi, ka makara.

Sauran shiri ɗan kaɗan ne. Goge fulogin ɗin da ba ka amfani da su, da tsofaffin jigogi, da ra'ayoyin banza da suka taru. Duba cikin wp-content ko wani fulogin ya jibge tsofaffin ajiyoyi, domin wani lokaci su ne rabin nauyin shafin. Amma kada ka sabunta WordPress ko PHP a wannan makon. Idan wani abu ya lalace, kana so ka san tashin ne ya jawo, ba sabuntawa ba.

Ɗaure kaya

Kashe fulogin ɗin da ke ajiye kwafin shafuka don sauri, ka share abin da ya tara. Na tsaro ma ka kashe shi na ɗan lokaci. Wordfence, alal misali, idan an kunna katangarsa sosai yakan rubuta cikakkiyar hanyar foldar tsohuwar saba a cikin fayilolin saiti na .user.ini ko .htaccess. A sabon wuri wannan hanya babu ita, sai shafi ya ƙi buɗewa ɗungurungum, kai kuma kana ta neman laifi a inda babu.

Yanzu buɗe File Manager a cPanel. Kafin komai, latsa Settings a sama ta dama ka kunna nuna ɓoyayyun fayiloli. Fayil ɗin .htaccess sunansa da ɗigo ya fara, don haka ba ya fitowa sai an nema, kuma barinsa a baya ya sa mutane da yawa kwana ba barci. Shiga public_html, foldar da fayilolin shafin suke, zaɓi komai, latsa Compress, ka yi zip guda. Kada ka ja fayiloli ɗaya bayan ɗaya da manhajar FileZilla idan akwai yadda za ka yi: shafin WordPress fayiloli dubbai ne ƙanana, kuma da intanet ɗin waya, ga ɗaukewar wuta, da wuya ka gama ba tare da wasu sun tsinke a hanya ba ka sani ba.

Sai rumbun bayanai. Buɗe wp-config.php ka duba layin DB_NAME don ka tabbatar da sunan rumbun da shafin ke amfani da shi, musamman idan akwai fiye da ɗaya. Ka lura da layin $table_prefix ma. Shiga phpMyAdmin, sashen sarrafa rumbu a cPanel, zaɓi rumbun, latsa Export, ka ɗauki Custom maimakon Quick. Tabbatar tsarin haruffa utf-8 ne, ka zaɓi matsewa da gzip, ka sauke. Mai SSH kuwa layi ɗaya ya ishe shi:

mysqldump -u sunanka -p --default-character-set=utf8mb4 sunan_rumbu > shafi.sql

A nan zan ɗan tsaya, domin wannan ya shafe mu fiye da mai rubutu da Turanci. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, ba sa cikin tsohon tsarin latin1. Idan aka fitar da rumbu da tsari ɗaya aka shigar da shi da wani, sai "ƙasa" ta koma "Æ™asa", "ɗaki" ya koma "É—aki". Na taɓa kwashe wani shafi da daddare, na duba fuskar farko na ga komai daidai, domin kanun da ke sama babu mai lanƙwasa ko ɗaya a cikinsu. Sai da safe wani ya turo min hoton wayarsa yana tambaya ko yaren me na koma rubutawa. Abin da ya cece ni shi ne tsohon masaukin yana nan, na koma na sake fitarwa. Ka riƙe wannan bambanci: idan ka ga irin su Æ™, bayanin yana nan, karanta shi ne aka yi ba daidai ba, kuma yana gyaruwa. Idan kuwa alamar tambaya ka gani a gurbin harafin, "?asa", to harafin ya mutu a wannan kwafin, sai dai a koma asali. Don haka da zarar ka sauke fayil ɗin, warware shi ka buɗe da Notepad++ ko makamancinsa, ka nemi kalma mai ƙ ka gani da idonka. Ka gangara ƙarshensa ma ka tabbatar bai yanke a tsakiyar layi ba.

Ajiye zip ɗin da fayil ɗin rumbu a wuri biyu, kwamfutarka da kuma Google Drive ko filashi. Daga wannan lokaci kada ka wallafa sabon rubutu, kuma idan kuna da yawa a shafin ka sanar da sauran. Duk abin da aka ƙara bayan an fitar da rumbu, a tsohon gida zai tsaya.

Akwai fulogin masu yin duk wannan a dunƙule, irin su Duplicator, da All-in-One WP Migration, da UpdraftPlus. Ga ƙaramin shafi suna da kyau ƙwarai. Matsalarsu ita ce babban shafi yakan ci karo da iyakar girman abin da saba ke karɓa, ko aikin ya tsaya a tsakiya ba bayani. Shi ya sa na fi son mutum ya iya yi da hannu ko sau ɗaya ne.

Sauke kaya a sabon wuri

A sabon masauki, ƙara domen ɗinka a asusun ko da yake bai fara nuno nan ba tukuna. Saita PHP ta yi daidai da wadda ka rubuta a takarda. Ɗora zip ɗin a public_html ka latsa Extract. Duba da kyau cewa wp-config.php yana zaune kai tsaye a public_html, ba a cikin wata folda da warwarewar ta ƙirƙiro ba.

Idan shafin yana da nauyi, gigabait biyu ko uku, ba sai ka ƙone datarka sau biyu ba. Da SSH a sabon masauki kana iya sa saba ta jawo daga saba: rubuta umarnin wget, sai adireshin zip ɗin na tsohon masauki. Abin da zai ci maka rabin yini da waya, su sukan gama shi cikin mintoci. Sharaɗi ɗaya: zip ɗin nan yana ɗauke da kalmar sirrin rumbunka, kuma muddin yana public_html duk wanda ya san sunansa zai iya saukewa. Ba shi suna mai wuyar zato, kuma ka goge shi daga ɓangarorin biyu da zarar an gama.

Je MySQL Databases ka ƙirƙiri sabon rumbu, ka ƙirƙiri mai amfani da kalmar sirri mai ƙarfi, sannan ka haɗa su ka ba shi dukkan izini. Mataki na ukun nan shi aka fi mantawa. Lura cewa cPanel yana maƙala sunan asusunka a gaban sunan rumbu da na mai amfani, don haka cikakken sunan ba zai zama irin na da ba. Buɗe phpMyAdmin, zaɓi sabon rumbun, latsa Import, ka ba shi fayil ɗin. Idan ya fi ƙarfin iyakar da aka sa, yi da SSH:

mysql -u sabon_suna -p sabon_rumbu < shafi.sql

ko ka ɗora fayil ɗin ka roƙi ma'aikatan kamfanin su shigar maka. Idan ka ga ƙorafin "Unknown collation: utf8mb4_0900_ai_ci", ma'anarsa ka fito daga MySQL 8 ka shiga rumbun da bai san wannan tsari ba. Buɗe fayil ɗin, maye gurbin wannan suna da utf8mb4_unicode_ci a duk inda ya fito, share abin da ya riga ya shiga, ka sake.

Sai wp-config.php na sabon wuri. Gyara layi huɗu: DB_NAME, DB_USER, DB_PASSWORD, DB_HOST. Na ƙarshen yawanci localhost ne, amma wasu kamfanoni suna da adireshi na daban, sai ka duba saƙon maraba da suka turo. Kada ka taɓa $table_prefix, ya zauna yadda yake.

Gwaji a ɓoye

Ga inda gwaninta take. Duniya har yanzu tsohon masauki take gani, kai kaɗai kake so ka ga sabon. Kowace kwamfuta tana da wani ɗan fayil mai suna hosts da take dubawa kafin ta tambayi DNS. A Windows yana C:\Windows\System32\drivers\etc\hosts, kuma sai ka buɗe Notepad da ikon mai gudanarwa kafin ya bari ka adana. A Mac da Linux yana /etc/hosts. Ƙara layi ɗaya a ƙasa, da lambar IP ta sabon masauki, misali:

203.0.113.10 shafinka.com www.shafinka.com

Adana, ka rubuta ipconfig /flushdns idan Windows ce, ka buɗe burauza a yanayin sirri. Za ta yi maka gargaɗin cewa haɗin ba shi da tsaro, domin sabon wuri bai sami takardar SSL ba tukuna. Wuce kawai, kai ne ka san dalili. Wannan dabara ta kwamfuta ce, waya ba ta barin a taɓa wannan fayil cikin sauƙi, don haka idan da waya kake aiki ka ari kwamfuta na awa ɗaya.

Don kada ka ruɗi kanka, ƙirƙiri ɗan fayil a sabon masauki kaɗai, ka sa masa suna sabo.txt, ka rubuta kalma ɗaya a ciki. Duk lokacin da shafinka.com/sabo.txt ya buɗe, a sabon gida kake. Wannan ɗan fayil zai yi maka amfani har gobe.

Yanzu zaga. Kada ka tsaya a fuskar farko. Buɗe rubutu na shekarun baya ka ga ko hotunansa sun fito. Nemi kalma mai lanƙwasa a akwatin bincike. Shiga ɗakin gudanarwa, ɗora hoto ɗaya na gwaji, aika saƙo ta fom ɗin tuntuɓa ka ga ko ya iso. Idan ka ga "Error establishing a database connection", ɗaya daga layuka huɗun nan ne ba daidai ba, ko ba ka haɗa mai amfani da rumbu ba. Idan fuskar farko ta buɗe amma kowane rubutu yana ba da 404, wato saƙon ba a sami shafi ba, je Settings, Permalinks, ka latsa adanawa ba tare da ka canza komai ba, WordPress zai sake rubuta .htaccess. Idan farin shafi ka gani ko kuskure mai lamba 500, canza sunan foldar plugins zuwa wani abu na ɗan lokaci. Idan shafin ya farfaɗo, mayar da sunan ka riƙa kunna su ɗaya-ɗaya har ka kama mai laifin. Idan hoto ya ƙi hawa, duba izini: 755 ga folda, 644 ga fayil. Duk wanda ya ce ka sa 777 don a huta, kada ka saurare shi.

Idan har da sunan shafin za ka canza, to akwai ƙarin aiki. Tsohon adireshi yana warwatse a cikin rumbu, wasu wuraren kuma an rubuta shi tare da adadin haruffansa, ta yadda canza shi da hannu a fayil ɗin SQL yakan lalata saitunan jigo. Yi amfani da fulogin ɗin Better Search Replace ko umarnin wp search-replace na WP-CLI (manhajar sarrafa WordPress ta SSH), su sun san yadda ake gyara ƙidayar. Mai riƙe da sunansa na da ba ruwansa da wannan.

Imel, kafin a juya

Idan imel ɗinka yana Google Workspace ko Zoho, saƙonninka ba sa tsohon masauki, abin da kawai za ka kiyaye shi ne layukan MX da TXT su zauna yadda suke, kuma a Email Routing na sabon cPanel ka zaɓi Remote. Idan kuwa a tsohon masauki akwatunan suke, to za su mutu tare da shi. Ƙirƙiri adireshi iri ɗaya a sabon wuri, sannan ka haɗa akwatin tsoho da na sabo a manhajar imel ta Thunderbird ta hanyar haɗin IMAP, ka ja saƙonni daga wannan zuwa wancan. Akwai kuma layukan TXT biyu masu tabbatar da cewa saƙo daga gare ka yake: na SPF yana buƙatar sabuwar lambar IP, na DKIM kuma sabon masauki zai ba ka nasa. In ba haka ba saƙonninka za su riƙa faɗawa kwandon shara na mutane.

Juya adireshi

Zaɓi lokacin da masu karatunka suka fi ƙaranci, kuma ranar da kake da sukunin zama gaban kwamfuta, ba daren da za ka yi tafiya da asuba ba. Idan ra'ayoyi sun shigo tun bayan kwafin farko, sake fitar da rumbu ka shigar, aikin minti goma ne.

Hanya biyu ce. Idan DNS ɗinka yana kamfanin domen ko Cloudflare, canza lambar IP a layin A kawai, da na www idan shi ma A ne. Idan akwai layin AAAA (ɗan'uwan layin A, na sabon tsarin lambobin IP) mai nuna tsohuwar saba, gyara shi ko ka cire, domin shi ne ke sa wasu su ci gaba da ganin tsohon shafi alhali kowa ya koma sabo. Da TTL na 300, cikin mintoci yawancin mutane sun juyo. Idan kuwa tsohon masauki ne ke riƙe da DNS, dole ka canza sabobin suna (nameservers, sabobin da ke riƙe da DNS ɗinka), waɗanda ke farawa da ns1 da ns2, a wurin kamfanin domen. Kafin ka yi, kwafe duk layukan da ka ɗauki hotonsu zuwa sabon wuri. Wannan hanya ta fi jan lokaci, tana iya kai awa 48, kuma a tsakanin nan wani zai ga tsoho wani ya ga sabo. Tunda duka biyun suna aiki, babu wanda zai ga kango.

Goge layin da ka ƙara a fayil ɗin hosts. Ɗauki wayarka, kashe Wi-Fi, ka buɗe sabo.txt da datar layinka. Ka sa wani a wani gari mai wani layin daban ya gwada. Da zarar adireshi ya juyo, je SSL/TLS Status a cPanel ka latsa Run AutoSSL, ko ka kunna Let's Encrypt, mai ba da takardar SSL kyauta, idan shi kamfanin ke bayarwa. Takardarsa ta kwana 90 ce, tana sabunta kanta, amma ba ta fitowa sai domen ya nuno sabar, shi ya sa ba a yi ta tun jiya ba. Kunna fulogin ɗin sauri da na tsaro da ka kashe. Idan kana da ayyukan da aka tsara a Cron Jobs na tsohon cPanel, ba sa bin zip, sai ka sake rubuta su da hannu. Bayan kwana biyu komai lafiya, mayar da TTL zuwa 3600 ko sama, ka goge sabo.txt.

Bar tsohon masauki ya yi mako biyu. A ciki ka riƙa leƙa tsohon akwatin imel ko wani saƙo ya ɓata hanya ya faɗa can, ka kuma duba Google Search Console ko 404 sun ƙaru. Ranar rufewa, sauke cikakkiyar ajiya ta ƙarshe, sannan ka kashe sabuntawa ta kai-tsaye don kada a cire maka kuɗi a katinka. Amma ka karanta da kyau wanne kake kashewa. Idan domen ɗin kyauta aka ba ka tare da masauki a shekarar farko, yana nan a asusun tsohon kamfanin, kuma kuɗinsa daban ne. Masaukin za ka rufe, domen ɗin kuwa ka duba ranar ƙarewarsa, ka tabbatar imel ɗin da ke kan rajistarsa wanda kake buɗewa ne, ka sa ranar a kalandar wayarka da tunatarwar wata guda kafin ta zo.